Lallashi ko yaudara? Wa ake yi wa magana a waƙoƙin neman mace na Ingila da na ƙasar Hausa

0. Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa koyar da adabin kwatance a nan Yamai ya san wuyar da kalmar Faransanci séduction take bayarwa in aka zo mayar da ita Hausa. Wani ɗalibi ya ce lallashi, wani ya ce hilata, wani ya ce yaudara, kuma kowanensu yana da hujja. Sai dai kalmomin ba daga baki ɗaya suke fitowa ba. Lallashi kalmar mai nema ce, tun yana sa rai. Yaudara kuwa kalmar wanda aka cuta ce, ko ta mai yanke hukunci, bayan aikin gama ya gama. A cikin wannan maƙala muna so mu nuna cewa wannan bambanci shi ne ya raba tsofaffin waƙoƙin Ingila na neman mace da rubutattun waƙoƙin Hausa da suka taɓo wannan jigo, alhali kayan siffantawar da suke aiki da su sun yi kama ƙwarai. Sunayen dabarun salo da za mu yi amfani da su, irin su mutuntarwa da dabbantarwa, su ne waɗanda Abdulƙadir Ɗangambo na Jami'ar Bayero ta Kano ya yaɗa.

1. Mai nema yana magana

Ɗalibanmu da suka fito daga lise sun san waƙar Ronsard ta furen wardi, wadda ya yi wa Cassandre, aka buga a 1553: fure ya buɗe da safe, ya yi yaushi da marece, saboda haka yarinya ta mori ƙuruciyarta. Mawaƙan Ingila sun ɗauki wannan hanya, kowa da nasa taku. Uku za mu duba.

Christopher Marlowe (1564-1593) ya sa makiyayi yana kiran masoyiyarsa ta zo su zauna tare. Baiti shida ne masu ɗango huɗu huɗu, harshen mai sauƙi, kuma kusan duk waƙar jerin kyauta ce: shimfiɗar furanni, riga ta lallausan gashin tumaki, takalma masu maɓallin zinariya, ɗamara mai murjani. Bahaushe yana jin wannan sai ya tuna da toshi. Abin lura shi ne babu maganar aure, babu iyaye, babu gobe. A littafin England's Helicon na 1600 an buga waƙar tare da amsar da ake danganta wa Walter Raleigh, a kari ɗaya da yawan baiti ɗaya, inda yarinyar ta bi kayan ɗaya bayan ɗaya tana nuna yadda kowanne zai tsufa ko ya ruɓe.

John Donne (1572-1631) bai yi alkawarin kome ba. Ƙuma ce ta ciji namijin ta ciji macen, sai ya ce to ga jininsu ya riga ya gauraya a cikinta, ba zunubi ba abin kunya, don me za ta ƙi shi? Ya roƙe ta kada ta kashe ƙumar, ta murƙushe ta da farce, nan take ya juya hujjar: tunda ba ta rasa kome ba da mutuwar ƙuma, haka ba za ta rasa kome ba in ta yarda. Wannan harshen lauya ne, kuma Donne ya yi karatun shari'a a Landan tun daga 1591. Ba mu zaci an taɓa shawo kan wata mace da irin wannan hujja ba. Waƙar ta yi ta yawo a rubuce da hannu tsakanin abokai, ba a buga ta ba sai a 1633, bayan mutuwarsa, lokacin da aka fi saninsa da babban limamin cocin Saint Paul. Ke nan wadda ake ce wa “ke” a cikin waƙar dabam, masu sauraro dabam: maza ne ƴan boko, masu dariyar gwanintar ɗan'uwansu.

Ta uku, ta Andrew Marvell (1621-1678), wadda aka buga a 1681, ita ce ta fi shafar mu. Ɗango 46 ne a kashi uku, a tsarin mantiƙi: da a ce, amma, saboda haka. Da a ce muna da lokaci, da na shekara ɗaruruwa ina yabon kowace gaɓa taki, kina bakin kogin Ganga na Indiya ina bakin kogin Hamba na garinmu. Amma lokaci yana biye da mu a guje, gabanmu kabari ne, inda tsutsa za ta ci abin da kika daɗe kina tsarewa. Saboda haka mu yi yanzu.

2. Kabari ɗaya, hukunci biyu

Wanda ya tashi da jin waƙoƙin wa'azi a bakin almajirai da makafi, a Ƙonni ko Damagaram ko Sakkwato, ba zai ji baƙon abu ba a kashi na biyu na waƙar Marvell. Kabari, duhu, kaɗaici, tsutsa, kyan jiki da ya koma ƙasa, duk kayan aikin malaman ƙarni na 19 ne. Har tsarin hujjar ɗaya ne. Abin da ya bambanta shi ne “saboda haka” ɗin ƙarshe: mai wa'azi ya ce saboda haka tuba, Marvell ya ce saboda haka yarda. A ganinmu ƙarfin waƙar Marvell daga nan yake, domin masu sauraronsa Kiristoci ne da suka saba jin waɗannan siffofi daga kan mumbari, sai ga wani ya ari kayan liman ya tafi zance da su.

A rubutacciyar waƙar Hausa ta wa'azi akwai mai jan hankali, amma mace ce, kuma ba mutum ba ce: duniya ce. Mervyn Hiskett, a littafinsa na tarihin waƙoƙin Musulunci na Hausa (1975), ya yi bayanin yadda ake mutuntar da ita a matsayin mace mai ado wadda take ruɗin masu nemanta. Siffar ta fi Hausa tsufa. A cikin Ihya'u na Imam Gazali akwai labarin Annabi Isa da ya ga duniya a kamannin tsohuwa mai giɓi, ta sha ado, ta kashe mazanta duka. Nahawu ma ya taimaka, tunda kalmar duniya tamata ce a Larabci da Hausa, har karin magana yana ce mata budurwar wawa. A nan mawaƙi ba mai nema ba ne. Yana tsaye a gefe ne yana nuna ta da yatsa, yana ce mata “ita”, yana ce wa mai sauraro “kai” ko “ku”.

A ƙarni na 20 siffar ta sauko daga sama ta shiga gari, duniya ta zama karuwa. Mu'azu Haɗeja, wanda ya rasu a 1958, yana da waƙar Karuwa. Hamisu Yadudu Funtuwa yana da Uwar Mugu. Aƙilu Aliyu (1918-1999) yana da Ƴar Gagara, wadda take cikin Fasaha Aƙiliya da aka buga a Zariya a 1977. Sunayen kaɗai sun faɗi hukuncin tun ba a fara karatu ba. Graham Furniss ya yi nazarin yadda irin waɗannan waƙoƙi suke gina mutum-misali, wanda ba wata mace takamaimai ba ce, tarin halaye ne da aka ɗora wa suna ɗaya. Ado da ƙamshi da daɗin baki, waɗanda a wurin Marlowe kayan kira ne, a nan tarko ne. Donne ya ɗauki ƙuma ya ɗaukaka ta har ta zama ɗakin aure. Mawaƙanmu suka ɗauki mace suka yi ta jifan ta da sunayen zambo. Amma fa Aƙilu da Donne ƴan gida ɗaya ne ta wajen son nuna gwaninta. Wanda ya ji Ƴar Gagara ya san daɗin da mawaƙin yake ji wajen tono kalmomin da ba kowa ya sani ba, kuma masu sauraro suna jin wannan daɗi tare da shi, wa'azin yana biye a baya.

Dole mu faɗi abin da ya dame mu a nan. Kalmar karuwa a Maraɗi ko Katsina ta sha faɗawa kan macen da aurenta ya mutu ta zauna zaman kanta, kamar yadda Barbara Cooper ta nuna a littafinta kan aure a Maraɗi (1997). Waƙoƙin ba su tambayi abin da ya fitar da ita daga gidan miji ba. Namijin da ya kai kuɗinsa da ƙafarsa wawa ne abin tausayi, laifin kuwa nata ne. Ta wannan fuska Ingila da ƙasar Hausa sun haɗu: a duka biyun maza ne suke magana da maza a kan mace, ko an ce mata “ke” ko an ce mata “ita”. Amsar makiyayiya ma, wadda ta fi kowace hankali, namiji ne ya sa mata ita a baki.

3. To ina muryar mai lallashi a Hausa?

Tana nan, sai dai ba a takarda ba. Rubutacciyar waƙa a hannun malamai ta taso, kuma harshen bege mafi zafi da ke cikinta ga Annabi aka nufe shi, kamar a Imfiraji ta Aliyu Namangi. Lallashi yana wurin zance, a ƙofar gida da dare, inda ba mai rubutawa. In ya fito fili kuwa, a dandali, ta bakin wani yake fitowa: saurayi ya ba mai kalangu ko maroƙi kuɗi, a kama taken yarinya a wasa ta a gaban ƙawayenta da abokan takararsa. Kunya ta hana shi faɗa da kansa, sai ya sayi baki. Masu sauraro a nan su ne dukan dandali, har da ita, kuma tana da hanyar amsawa, ta shiga rawa ko ta ƙi, ko ta mayar da habaici a waƙar gaɗa. Wannan dama ce da macen waƙar Donne ba ta samu ba, in ban da farcenta.

Sai a littattafan soyayya na Kano, daga shekarun 1980, irin su In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino (1991), sannan a waƙoƙin finafinai, aka ji saurayi da budurwa suna musayar baiti kai tsaye a gaban jama'a, shi ya nema ita ta amsa. Sukar da malamai suka yi wa wannan salo ta nuna cewa matsayin mai magana ne ya canza, daga mai gargaɗi zuwa mai nema.

Akwai wata ƴar matsala ta nahawu da za ta tari duk wanda ya yi niyyar fassara waɗannan waƙoƙin Ingila. Wakilin suna na mutum na biyu a Ingilishi ba ya bambanta jinsi, haka ma tu da vous na Faransanci. A waƙar Marlowe babu wakilin sunan da ya ce wanda ake kira mace ce. Amsar Raleigh ce ta tabbatar da haka daga baya. Hausa ba ta yarda da wannan shiru ba. Tun a kalmar farko ta umarni mai fassara zai zaɓi ki ko ka, kuma mu ma a sama mun zaɓi ki ba tare da mun nemi izinin Marlowe ba.