Yadda Zanen Gini Ke Shafar Kuɗin Wutar Lantarki

Ni injiniya ne a nan arewa maso yammacin birnin Washington, aikina lissafin wutar da gini zai sha tun kafin a haƙa tushensa.

Manhaja biyu ake amfani da su. Mai zane yana tayar da ginin a kwamfuta da manhaja irin su Revit, tsarin da ake kira BIM, wanda GSA, hukumar kula da gine-ginen gwamnatin Amurka, ta buɗe wa shiri na musamman a 2003. Mu kuma muna aiki da EnergyPlus, wadda Ma'aikatar Makamashi ta fitar a 2001, ita ke lissafa zafi da sanyin kowane ɗaki, awa-awa, har shekara guda.

Matsalar ita ce ba sa jin yaren juna. Ta mai zane ta san kaurin bango da ado, tamu kuwa so take kowane ɗaki ya zama rufaffen akwati, ta san abin da ke bayan kowane bango: rana ce, ƙasa ce, ko wani ɗakin. Tafintocinsu su ne fayilolin gbXML da IFC, kuma wurin fassarar ake yin ɓari. Na taɓa karɓar zanen wani ofis da bango biyu ba su haɗu sosai ba, sai manhajar ta ɗauki bangon ciki a matsayin na waje. Da ban duba ba, da an sayi na'urar sanyaya ɗaki da ta fi ƙarfin ginin, mai gida ya yi ta biyan kuɗin banza.

Abin ba wasa ba ne, domin dokar birnin ta 2018 ta ɗora wa manyan gine-gine ma'aunin shan makamashi. Maganin shi ne mai zane da injiniya su zauna tun farko, a rufe kowane ɗaki, a saita arewa daidai, a rubuta kayan bango da na rufi, sannan bayan fassara a gwada faɗin ƙasa da na tagogi da zanen asali.

Masu aika kuɗin gini Kano ko Maraɗi, ku tambayi mai zanenku ina rana ke dukan gidan da yamma, kafin a sa bulo. Gyara a takarda ya fi rusau sauƙi. Allah Ya sa mu dace.