Zakara ko Sagara? Yadda Ake Bambance 'Yan Tsaki

A gidajen Wurno da Rabah da Goronyo, kaza dukiyar mata ce da yara. Da zarar ta ƙyanƙyashe, bayan kwanci na kwana 21, sai mai ita ta shiga lissafi: sagara a bar ta ta yi ƙwai, zakara kuwa a kai shi kasuwar Acida gabanin Salla. Kuskure a wannan lissafi yana da tsada, domin wadda ta sayar da sagara bisa zaton zakara ne, ta sayar da kajin baɗi ke nan.

Tun kafin a saka ƙwai an riga an yanke jinsin ɗan tsako, kuma uwa ce ke yanke shi. A cikin ƙwayoyin halitta, zakara yana ɗauke da kuromosom iri ɗaya guda biyu, wato ZZ, kaza kuwa tana da ZW. Ƙwan da ya sami W daga uwa zai zama mace, wanda ya sami Z zai zama namiji. Maganar da ake yi cewa dogon ƙwai shi ke ba da zakara ba abin dogaro ba ce.

A ranar ƙyanƙyasa da wuya ido ya raba su. A shekarar 1933 masanan Japan, Masui da Hashimoto, suka bayyana hanyar duba duburar ɗan tsako, amma aiki ne mai buƙatar dogon horo, kuma hannun ɗan koyo yakan halaka tsakon.

Ga kajin gida, haƙuri shi ne ma'auni. Tsakanin mako na 4 da na 6, sinadarin testosteron yakan sa zankon namiji ya girma ya yi ja, haka ma naman da ke rataye ƙarƙashin bakinsa, alhali na mace yana nan ƙarami, kodaɗɗe. Ƙafafun namiji sukan fi kauri. Wajen wata uku, gashin wuyansa da na bayansa kusa da wutsiya yakan fito siriri, mai tsini da sheƙi, na mace kuwa bakinsa a zagaye yake. Wannan ita ce alamar da ta fi tabbas kafin cara. Sai dai a riƙa kwatanta 'yan ƙyanƙyasa ɗaya, domin kajin gida zankonsu iri-iri ne, kuma sagarar wata kaza tana iya fin zakaran wata zanko. Ƙaimi kuwa yakan makara, har ma akan sami kaza mai shi.

Kajin turawa masu jan gashi, waɗanda ake kawowa daga injinan ƙyanƙyasa na wajen Ibadan, an haɗa iyayensu ne yadda launi zai nuna jinsi tun ranar farko: mace ja-ja, namiji fari-fari. Don haka mai neman kajin ƙwai, idan an miƙa masa fararen 'yan tsakin wannan iri da araha, zakaru ake sayar masa.