Shaidar Yaranmu A Makaranta

A makarantun sakandare na Arewa, ɗan Kirista da ɗan Musulmi sukan zauna benci ɗaya. Wata rana sai tambaya ta taso: "Don me kuke kiran Yesu Ɗan Allah?" Yaro ɗan shekara 15 ne zai amsa, ba fasto ba.

Tun 1957, da aka kafa Zumuntar Ɗalibai Kirista, wato FCS, a Gindiri, yaranmu suke taruwa domin addu'a da nazarin Littafi Mai Tsarki, suna gayyatar abokansu. Aiki ne mai albarka, amma yana bukatar hikima. Rikicin Maris 1987 ya faro ne daga gardama kan wa'azi a taron ɗalibai a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan, ya bazu har Kaduna da Zariya, aka ƙone wuraren sujada.

Saboda haka iyaye da malaman ikilisiya, mu koya wa yara su bayyana bangaskiyarsu da tawali'u, kada su aibanta addinin kowa. Mu karanta 1 Bitrus 3:15 tare da su. Yaron da ya ƙi satar amsa, ya kuma gaishe da abokinsa marar lafiya, shi za a saurara.

Ubangiji ya ba su hikima. Amin.