Yadda ake raya tsohon keke a Doguwa

Janye tallafin man fetur da Shugaba Bola Tinubu ya yi a watan Mayun 2023 ya sa hawan babur ya yi tsada, lamarin da ya ƙara wa tsohon keke daraja a ƙauyukan Doguwa da Tudun Wada, a kudancin jihar Kano.

Tsofaffin kekuna irin su Raleigh na Ingila da Phoenix na Sin da baƙin ƙarfe aka yi su, don haka suna karɓar walda.

A ƙofar gida mai gyara kan miƙe feda, ya ɗaure sifoki har gargare ya daidaita. Mai walda kuma ya ƙera kariya da rodi, wadda za ta ɗauki buhun masara.

Sai dai sarƙa da boris aikin masana'anta ne, dole a saya.

Haɗarin yana ga birki da ƙarfen da ke riƙe tayar gaba. Idan waldarsu ta saki a gangaren duwatsun Riruwai, ga kaya a baya, asarar kan wuce ta keke.