Ƙaurar Ma'aikatan Jinya Daga Asibitocinmu

Duk mutumin Suame da ya taɓa jinyar ɗan'uwa a asibitin Komfo Anokye, wanda muka fi sani da Gee, ya san nas ce ke kwana da majinyaci, likita kuwa sai lokacin zagaye. To, ga shi suna ta ƙaura. A shekarar 2022 kaɗai, sama da 1,200 daga Ghana suka yi rajistar aiki a Birtaniya. A 2020 gwamnati da kanta ta tura 95 Barbados. Ba mu ga laifinsu ba, albashi ne ya gaza. Abin takaicin, ƙwararrun ne ke tafiya, alhali 'ya'yanmu da suka kammala karatun jinya kan shekara da shekaru a gida suna jiran gwamnati ta ɗauke su aiki.