Tari, Gajiya da Ciwon Ciki: Kwalbar Magani a Filin Zinari

A shekarar 2014 aka gano zinari a Tchibarakaten, can arewa da Arlit, kusa da iyakar Aljeriya. Tun daga lokacin samari suke ɗunguma zuwa can daga Maradi, Damagaram, Tawa da ƙasashen maƙwabta. Wuri ne na dutse da rana, ruwan sha ma sai mota ta kawo. Duk inda mahaƙa suka yada zango kuwa, mai teburin magani yana biye da su. Kayansa iri uku suka fi tashi: na tari, na gajiya, na ciki.

Bari mu fara da tari, don shi ya fi damunmu.

Zinarin wannan wuri a cikin dutse yake. Sai an haƙa rami mai zurfi, an fasa dutsen, an niƙe shi ya zama gari. Ƙurar da ke tashi tana da laushi ƙwarai, har ido ba ya ganin wadda ta fi cutarwa. Rawani ba ya tare ta. In ta shiga huhu ba ta fita. Sannu a hankali huhun yana yin tabo, yana taurarewa, har mutum ya riƙa haki in ya yi 'yar tafiya. Likitoci suna kiran wannan ciwo silikos, kuma babu maganin da ke warkar da shi. Abin da ya fi muni, huhun da ƙura ta raunana shi ne tarin fuka ya fi saurin kamawa, balle inda mutane da yawa suke kwana a rumfa ɗaya.

To, me kwalbar maganin tari take yi a nan? Tana kwantar da tarin na 'yan sa'o'i, ciwon yana ci gaba a ciki. Mai shi ya ce ya samu sauƙi, ya koma rami. Bayan wata biyar ko shida ya dawo gida a rame, ya kwana ɗaki ɗaya da iyalinsa, su ma su ɗauka.

Ƙa'idar likita a fili take. Tarin da ya wuce mako 2, musamman in akwai zazzaɓi, gumin dare, rama ko jini a kaki, na gidan likita ne. Za a auna kakin. In tarin fuka ne, yana warkewa, kuma maganinsa kyauta ne a gidajen likitan gwamnati. Sai dai wata 6 cur ake sha. Wanda ya bari a tsakiya don ya ji ƙarfi, ciwon kan dawo masa, wani lokaci ya ƙi jin magani.

Ita kanta kwalbar ba kullum take da aminci ba. Wasu suna da kodin, mai kama mutum har ya kasa bari. Saboda haka ne Najeriya ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi a watan Mayun 2018. A 2022 kuma yara kusan 70 suka mutu a Gambiya, bayan sun sha magungunan tari da aka kawo daga Indiya, waɗanda guba mai kashe ƙoda ta gurɓata.

Sai maganar gajiya. Ba mu ga laifin mai neman abin da zai ƙara masa ƙarfi ba, gama aikin rami ba wasa ba ne. Amma ƙwayar da aka fi sha, wato tiramol, maganin ciwo mai tsanani ce. Ba ta ƙara ƙarfi ko kaɗan, tana hana jiki jin wahalar ne kawai. Likita yakan ba da mai lamba 50 ko 100. Ta tebur sau da yawa 225 ce ko 250. Tana jawo faɗuwa irin ta farfaɗiya. Ku duba halin wanda abin ya kama yana rataye da igiya a bakin rami.

Akwai wata gajiyar da ba a cika gane tushenta ba. Masu ƙona zaiba don ware zinari suna shaƙar tururinta, ba ta kuwa da wari. Tana taɓa ƙwaƙwalwa: hannu ya riƙa rawa, barci ya ƙaurace, mantuwa da saurin fushi su yi yawa. Mutane sukan ce iska ce ko sammu, a yi ta sayen maganin ƙarin jini. Muddin ana ƙona ta a cikin rumfa ko kusa da tukunyar abinci, babu kwalbar da za ta yi amfani.

Ciwon ciki ba ya bukatar dogon bayani. Yawancinsa daga ruwan da ya daɗe a duro ne. Ga mai zawo, a samu lita 1 ta tafasasshen ruwa, a zuba sukari ƙaramin cokali 6 da gishiri rabin ƙaramin cokali, ya yi ta kurɓa. Mai ƙwannafi kuma ya kula: ƙwayoyin ciwon jiki irin su dikulofenak, in ana shan su kullum ba abinci a ciki, suna haddasa gyambon ciki. Kanwa tana lafa zafin na ɗan lokaci, amma gyambon yana nan. In bahaya ya yi baƙi ƙirin, mai yiwuwa jini ne, a nufi likita ran nan.

Mun san za a ce rubutun kwali da Faransanci ko Ingilishi yake. Gaskiya ne. Amma lamba ɗaya ce a harsunan biyu, kun kuwa iya karanta ta yanzu. Kusa da haruffan EXP akwai wata da shekarar da magani zai lalace. In kun ga 03/2024, tun watan Maris na 2024 ya tashi aiki. Zafin rana kuma yana ɓata magani tun kafin wannan lokaci ya yi. In ɗan'uwanku ya dawo daga arewa da kwali a aljihu, ku karɓa ku duba masa, sannan ku tambaye shi kwana nawa ke nan yana tari.