Kalangu, Fiyano da Jita: Ina Makaɗan Gombe Suka Shiga?

Duk wanda ya halarci bikin aure a Dawaki ko Bolari ko Jekadafari cikin shekarun nan ya san yadda ake yi. A kafa rumfa, a jera kujeru, a tayar da janareta, sai DJ ya iso da kwamfutarsa da manyan sifiku. Daga kamu har buɗar kai da wuya ka ga mai rataye da kalangu ko mata zagaye da ƙwarya. In ma maroƙi ya zo, baki kawai ya kawo, yana zuba kirari a makirufo bisa kiɗan da wani ya haɗa a situdiyo. Amma a waɗannan unguwanni dai, tela da mai shayi da direban Keke Napep suna sauraron Shata da Ɗanƙwairo a waya cikin sauƙin da iyayensu ba su samu ba a zamanin kaset. Tsohuwar waƙa ba ta rasa masu ji ba. Mai kaɗa ta ne ya yi ƙaranci.

A majalisun dare musun bai wuce iri ɗaya ba. Dattawa su ce waƙar da ita ce mai ma'ana, ta yanzu soyayya ce da hayaniya. Matasa su ce kowa da zamaninsa, kuma Shata kansa ya yi waƙoƙin da malaman lokacinsa suka yi tir da su. Kowane ɓangare yana da abin kamawa, sai dai a ganina an bar jaki ana dukan taiki. Babban sauyin da ya faru ba a baitin waƙa yake ba, a kiɗan yake: ya bar hannun mutum ya koma cikin na'ura.

Kuɗi ne sanadin da ya fi fitowa fili. Makaɗin gargajiya ba ya tafiya shi kaɗai; akwai 'yan amshi, da masu kiɗa, da sanƙira, kowa da cikinsa da kuɗin motarsa, ga liƙi da sallama. DJ kuwa mutum ɗaya ne da yaronsa, kuma a kwamfutarsa akwai muryar kowa, daga Barmani Coge har Ado Gwanja. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 uban amarya yake lissafin kowace naira, ba sai an gaya masa wanda zai kira ba.

Amma tun kafin tsadar rayuwa makaɗi ya rasa ubangida. Manyan makaɗan da ake tinƙaho da su a inuwar sarauta suka girma: Narambaɗa a fadar Sarkin Gobir na Isa, Salihu Jankiɗi a fadar Sarkin Musulmi, Sa'idu Faru da Musa Ɗanƙwairo a tsakanin sarakunan ƙasar Zamfara da Sakkwato. Sarki ke ba da doki da riga da hatsi, makaɗi kuma ya samu natsuwar da zai yi wata da watanni yana sassaƙa waƙa guda. Da aka karɓe kotuna da 'yan doka daga hannun En'e a ƙarshen shekarun 1960, sannan gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya raba sarakuna da baitulmali, sai wannan inuwa ta fara yayewa. Ɗan siyasa ne ya gaji matsayin, shi kuwa sauri yake yi. Yana son waƙar da za a ɗauka yau, gobe a ɗora ta a motar kamfe, kuma situdiyo ce kaɗai ke iya wannan. Dauda Kahutu Rarara shaida ne. Har yanzu ana jin algaita da kakaki da ganguna a fadar Gombe ranar hawan Sallah, amma hawa biyu a shekara ba ya riƙe gida.

Garin ma ya sauya. Tun da Gombe ta zama babban birnin jiha ranar 1 ga Oktoban 1996, jama'a suka yi ta kwararowa, filayen unguwa suka zama shaguna da gidajen haya. Dandalin da 'yan mata ke fitowa gaɗa, inda ƙaramin mai kalangu ke koyon hannu yana samun na cefane, ya tafi. Bikin masu hali ya koma ɗakin taro da ake haya da awa, wurin da ba a jiran makaɗi ya ɗaure tsirkiya.

Sai batun addini da martaba, wanda mutane kan kewaye shi. A al'adar Bahaushe kiɗa da roƙo sana'ar gado ce da ake jin daɗinta amma ba a cika son ba mai ita aure ba. Da wa'azi ya ƙarfafa, musamman bayan kafa ƙungiyar Izala a Jos a 1978, da kuma dawo da shari'a a jihohin Arewa daga 1999, lokacin da aka taƙaita kiɗa da roƙo a bukukuwa a wurare da dama, ɗan makaɗi da ya yi boko ko Islamiyya sai ya ga ba shi da dalilin ɗaukar gangar ubansa. Abin lura shi ne wa'azin ya fi faɗa wa kiɗan da ake yi a fili, a ƙofar gida, kowa na gani. Wanda aka haɗa a ɗaki ya shiga waya, ya wuce har uwar ɗaka ba tare da ya yi sallama ba.

Wannan giɓi ne fina-finan Hausa suka cike. Daga Turmin Danya a 1990 zuwa Sangaya a ƙarshen shekarun, situdiyoyin Kano suka gano cewa fiyano ƙirar Yamaha na iya kwaikwayon sarewa da ganga da kalangu, a ɗora murya biyu, mace da namiji, irin ta fina-finan Indiya da aka daɗe ana kallo. Farfesa Abdalla Uba Adamu ya yi rubutu mai yawa a kan wannan salo da ake kira nanaye. Daga baya na'urar gyaran murya ta zo, ta sa ko wanda muryarsa ke karkacewa ya miƙe.

Ba adalci ba ne a ce asara kawai aka yi. Situdiyo ta karya shingen gado. Yaron da ubansa malami ne ko ɗan kasuwa yana iya zama mawaƙi. Mata irin su Fati Nijar da Maryam Sangandale sun yi suna ta wannan hanya. Wanda kuma ya ce babu hikima a waƙar zamani bai zauna ya saurari Aminu Ala ko Nura M. Inuwa ba. Jarumar Mata ta Hamisu Breaker ta karaɗe ƙasar Hausa a 2020, lokacin kullen korona, da saurin da babu wani tsohon makaɗi da ya taɓa samu. Ga kuma 'yan gambarar zamani irin su Classiq daga Bauci da DJ AB daga Kaduna, waɗanda suka sa matasan da ke gudun Hausa a makaranta suna alfahari da ita.

Abin da aka rasa dai ba ƙarami ba ne. Kalangu magana yake yi. Mai shi yana matse tsirkiya ya kira taken mahauci ko manomi ko ɗan dambe, mai take ya ji tsikar jikinsa ta tashi. Fiyano na kwaikwayon amonsa, amma ba ya ganin wanda ya shigo fili balle ya kira shi. Shata yakan ƙirƙiri baiti nan take, makaɗansa su bi shi duk inda ya karkata. Wannan fasaha ba a koyonta sai a gaban jama'a. Tare da makaɗi kuma ake rasa masassaƙin ice, da mai jeme fata, da wanda ya san izgar da ta dace da goge ko kukuma. Ɗanƙwairo ya rasu a 1991, Shata a 1999, Barmani Coge a 2013, Ɗan Maraya Jos a 2015, kuma har yau in ana lissafin gwanaye sunayensu ake maimaitawa. A Gombe asarar ta ninka, domin jihar ba ta Hausa kaɗai ba ce. Akwai kiɗan Fulani, da na Tera, da Tangale, da Waja, da Tula, da Bolawa, kuma saurayin da ya zo birni daga Kaltungo ko Deba yana son yin suna yakan ƙare da fiyano iri ɗaya da na kowa.

Masu cewa baƙon kayan kiɗa ne ya kashe na gida su leƙa Nijar. Jita ma baƙuwa ce, amma Buzaye sun ɗora mata kiɗan iyayensu har duniya ta waiwayo. Mdou Moctar, ɗan yankin Tawa, a Sakkwato ya ɗauki kundinsa na farko, Anar, a 2008, da salon situdiyon Hausa da na'urar gyaran murya, kuma ta memorin waya waƙoƙin suka yaɗu a Sahara. Daga baya ya koma ga jitar lantarki da ganguna da mutane ke kaɗawa da hannu, kuma da Afrique Victime na 2021 ya zama abin magana a wurin masu son kiɗan rok a Amurka da Turai. Bombino na Agadas ya shiga takarar kyautar Grammy da kundinsa Deran na 2018. Tal National ta Yamai tana waƙa da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Buzanci. Sirrin ba wani mai nisa ba ne: a Agadas har yanzu makaɗan jita ake kira biki, a can Etran de L'Aïr suka yi shekaru suna goge hannu kafin a san su a waje. Gaskiya ne kunnen Bature ya riga ya saba da jita, kuma mawaƙin Hausa yana da kasuwar gida da ta ishe shi, amma darasin na nan: inda biki ke ciyar da mai kiɗa da hannu, kiɗan ba ya mutuwa, sauya kama yake yi.

Su ma Amurkawa sun yi irin musunmu. An yi wa Bob Dylan ihu a bikin Newport na 1965 don ya ɗauki jitar lantarki. Sai dai su sun riga sun adana. Alan Lomax da mahaifinsa sun bi ƙauyuka da gidajen yari suna naɗar tsofaffin mawaƙa, shi ya sa jikoki suka samu abin komawa.

Nan ne aikin yake a Gombe, kuma ba ya jira. Jami'ar Jihar Gombe da Jami'ar Tarayya ta Kashere su tura ɗalibai su naɗi sauran makaɗan da ke raye, da hoto da murya da bayanin takensu. Gidajen rediyon garin su riƙa gayyato su su yi kiɗa kai tsaye, a biya su, maimakon juya tsohon kaset. Mawaƙan situdiyo su gwada sa mai kalangu na gaske a waƙa ko da guda ce a kundi. Kai kuma mai shirin aurar da 'ya a Dawaki, in ka ba DJ daren dina, ka bar wa masu ƙwarya yinin kamu.